Mai Sallama da Marar Sallama

Litinin 12 ga Oktoba 1998, ƙarfe ɗaya na rana

Sabon kaye, littafin rubutuna. Aikin pilanto ya koya mini abu ɗaya: kome ka yi, rubuta rana, rubuta lokaci. Aji biyar na yi a lakwal, amma shekara uku ke nan ina kai wasiƙu a biron furoje, wato ofishin shirin garake na Madarumfa, ba a taɓa cewa Ɗanladi ya ɓatar da takarda ba.

Yau Mushe Abdoul Aziz ya zo daga Yamai. Shi ne mai gyaran ordinater, injin nan mai ƙwaƙwalwa. Namu guda ɗaya ne, yana kan teburin Madam Mardiyya sakatariya, kuma duk ranar da ya yi gardama sai mu jira sati biyu kafin mai gyara ya iso. Ya ce wannan jiran ya ƙare. Ya kawo kwali biyu na disket, ja da shuɗi, da wani ɗan akwati mai fitilu da ya haɗa da wayar tarho. Ya ce ko wanne aka sa cikin biyun, mutum yana zaune Maraɗi ko Yamai zai iya shiga injinmu ya gyara. Za a gwada su, a zaɓi ɗaya don dukan birorin furojen.

Ya kira Maraɗi, ya ajiye kan tarho, ya naɗe hannu. Tarho ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru. Sai kibiyar nan ta kan allo ta fara tafiya ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ɓeran injin.

Madam ta ja kujera baya. "A'uzu billahi! Mushe, wa ke ciki?"

"Mushe Ado ne na biron Maraɗi, Madam. Gaishe shi."

"Ni ban gaida wanda ban gani ba."

Kowa ya yi dariya, har da shugaban biro, Shef Yusuf, da ba ya dariya. Ni ma na yi. Amma tsikar jikina ta tashi.

Talata 13, ƙarfe biyar na yamma

An yini ana gwada na shuɗin kwali. Shi in za a shigo sai ya tsaya, ya rubuta sunan mai zuwa a kan allo, ya tambaya: O ko N, wato i ko a'a. Sai wani a nan ya danna O sannan ya buɗe. Kuma yana rubuta wa ya shigo, ƙarfe nawa. Na ja ba ya tambayar kowa. In kana da kalmar sirri, ka shigo kawai.

Ina zuba musu shayi na ce, ashe ɗaya mai sallama ne, ɗaya marar sallama. Mushe Abdoul Aziz ya kusa ƙwarewa. Ya ce sunan ya fi na jikin kwalin, shi ma haka zai riƙa kiran su.

Mai Sallama yana da nawa. Layin tarhonmu ba shi da ƙarfi, sau uku ya yanke. Da rana kuma an kira daga Maraɗi ba kowa a biro da zai danna. Mushe Ado ya bugo da yamma yana faɗa, har daga bakin ƙofa ina jin muryarsa: wane irin gyara ne sai an jira Madam ta gama barcin rana?

Alhamis 15, ƙarfe shida na yamma

An cire Mai Sallama, an sa Marar Sallama. Shi kam da sauri. Mushe Abdoul Aziz ya kwafe duk abin da ke cikin inji a disket kafin ya taɓa, ya ce al'adarsa ce. Ya koma Yamai, sai bayan sati uku zai dawo a yanke shawara.

Dokarsa gare ni guda biyu: kada a kashe inji, kada a taɓa. Madam tana rufe shi da wani tsohon zane in za ta tafi gida ƙarfe sha biyu da rabi. Daga nan har uku da rabi ni kaɗai ne a biro.

A cikin injin nan ne jerin sunayen rabon garake na bakin tabki yake. Fegi ɗari da ashirin, kowane da rijiyarsa. Ranar 26 za a manna. Inna Saratu ce lamba 47. Ni na kai ta wurin rubuta suna da damina, ta dangwala yatsa. Ta riga ta yi renon albasa a bayan ɗakinta, ita da ɗiyarta.

Litinin 19, ƙarfe biyu na rana

Na share, na goge tebur. Ban taɓa komai ba.

Talata 20, ƙarfe biyu na rana

Na ɗaga zanen kaɗan don in goge allo. Gogewa ce kawai.

Laraba 21, ƙarfe biyu saura kwata

Na fita na sayo tuwo da kifi, na dawo. Zafi. Ba kowa.

Na daɗe ina kallon yadda Madam ke yi. Ba wuya. Akwai wurin da ake buɗe farar takarda. Haruffan a warwatse suke, ba a jere kamar na lakwal ba, A ɗin yana can sama a hagu.

Harafi biyar kawai na danna. Sun yi kyau ƙwarai, sun fi rubutun hannuna. Na daɗe ina kallon su. Daga baya na goge su ɗaya bayan ɗaya, na rufe, na mayar da zane yadda yake.

Fitilun ɗan akwatin tarho huɗu ne ke ci yau. Kullum biyu nake gani. Ko don zafi ne.

Alhamis 22, ƙarfe biyu na rana

Ban taɓa komai ba.

Juma'a 23, ƙarfe uku na yamma

Na yi alwala zan tafi masallaci. Ƙarfe ɗaya da minti goma tarho ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru. Fitilu suka zama huɗu. Na ɗaga zane.

Kibiya tana tafiya. Ta buɗe jerin sunaye, ta gangara, ta tsaya, ta gangara, ta tsaya. Ba gaggawa take ba, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Daga inda nake tsaye ban iya karantawa ba, kuma ban matsa ba, don ji na yi kamar in na matsa zai gan ni. Ƙarfe ɗaya da rabi da minti biyu fitilu suka koma biyu.

Na ce Mushe Abdoul Aziz ne ke gyara. Amma wane gyara ake yi lokacin da kowa ke masallaci? Na samu raka'a ɗaya.

Ba zan faɗa wa Madam ba. Za ta ce ta yaya na gani, alhali zane na rufe.

Litinin 26, ƙarfe sha biyu na rana

Madam ta buga jerin da safe, Shef ya sa hannu, aka kai wurin suparfe, mai mulkin yankinmu, ya buga hatimi. Ba wanda ya karanta, jeri ne da aka gama tun watan jiya. Ni na manna shi a bango da hannuna.

Mutane sun taru. Yawancinsu ba su karatu, ni ke karanta musu. Inna Saratu ta kutso, goronta a kunci.

"Ɗanladi, ɗan albarka, nuna mini nawa in gani da idona."

Na sa yatsa a 47. Wani suna ne. Ban san shi ba, ba ɗan garin nan ba ne. Na hau sama, na sauko ƙasa, sau uku.

"Mi ya faru? Ko karatun ne ya gudu?"

"Inna, bari in sake dubawa."

"Duba da kyau. Saratu ta Gambo. Ba wata Saratu ta Gambo a Madarumfa."

Ba ta ciki. Kafin azahar an gano mutum goma sha ɗaya ba su ciki. Wani tsoho daga Gabi ya zauna ƙasa. Shef ya sa na rufe ƙofa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Shef ya tara mu ni da Madam. Ya ce makulli uku ne: nasa, na Madam, nawa. Shi yana garin Sarkin Yamma tun Alhamis. Madam ta rantse, tana kuka, ta ce rabonta da buɗe jerin nan tun ranar 15. Takardun da aka dangwala wa yatsa an tura su Maraɗi da daɗewa. An kira, an ce ana nema.

Ya juyo gare ni. "Ka taɓa injin nan?"

Na ce a'a.

Talata 27, ƙarfe bakwai na safe

Na ce a'a.

Laraba 28, ƙarfe huɗu na yamma

An karɓi makullina. Yanzu a kan benci nake zama a waje, in an kira ni in shiga. Direba da muke cin abinci kwano ɗaya yau ya ce ya ƙoshi.

Abin da ke cin raina: na rubuta, na goge. In ka goge suna a wuri ɗaya, ba ya gogewa a wani wuri? Ban san yadda cikin injin yake ba. Wataƙila duk ɗaki ɗaya ne. Kuma me ya sa 47? Cikin ɗari da ashirin, me ya sa sai gidan su Inna Saratu? Na san abin da na gani ranar Juma'a, amma in kibiyar nan neman ɓarnar da na yi take fa?

Na tambayi Madam a kaikaice, na ce in mutum ya yi kuskuren danna abu, suna kan iya sauya kansa?

Ta dube ni ta saman tabarau. "Don mi kake tambaya?"

Na ce haka kawai.

"Ɗanladi, ni na girme ka, ina ba ka shawara. Kada ka yi wa kowa irin wagga tambaya."

Juma'a 30, ƙarfe shida na yamma

Na bi ta bakin tabki don kada in bi ta kasuwa. Sai ga Atika, ɗiyar Inna Saratu, ta ɗebo ruwa a gwangwani biyu za ta kai wa renon albasa. Da in ta gan ni sai ta ce, Mushe Pilanto, yau ba ni da wasiƙa? Yau ta ajiye gwangwani ta tsaya.

"An ce kai ke riƙe da makulli."

"An karɓe."

"Ba shi na tambaye ka ba. Inna ta ce ba za ka yi mana haka ba. Ni na ce ban sani ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Albasa ta isa dashe. Kwana goma in ba a dasa ba, ta tsufa. Ka faɗa wa masu injin."

Ta ɗauki ruwanta.

Lahadi 1 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Babana ya ce an tambaye shi a masallaci. Bai faɗi abin da aka tambaya ba. Ya ce in ci abinci.

Litinin 2, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wani jandarma ya zo, ya shiga wurin Shef, ya fito. Ya dubi benci. Ya tambayi direba sunana alhali ina zaune.

Talata 3, ƙarfe biyu na rana

Daga taga ana hango fitilun. Biyu.

Laraba 4, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Zan rubuta a hankali, yadda aka yi.

Mushe Ado ya zo daga Maraɗi cikin farar mota. Mutum ne mai fara'a, ya gaida kowa, ya ba direba goro. Ya ce a kira masa pilanto, ya sa aka bar mu mu biyu, ya ba ni kujera. Ban taɓa zama a kujerar nan ba.

"Ƙanena, kada ka ji tsoro. Abin nan ƙarami ne. Yaro ya ga inji, ya yi sha'awa, ya danna abin da bai sani ba. Wa bai taɓa kuskure ba?"

Ya ciro takarda ya ajiye gabana.

"Ga takarda. Cewa ta yi ka taɓa inji bisa rashin sani. Ka sa hannu, ka bar aikin cikin mutunci, ba jandarma, ba komai. Jeri kuwa an riga an buga masa hatimi, takardun asali ba a gan su ba, sai haƙuri. Waɗanda suka rasa, baɗi."

Na ce Mushe, a ba ni kwana biyu in yi shawara da babana.

"Har Litinin. Litinin mai gyara zai zo, za mu zauna kan zaɓen lojisiyel, wato ja ko shuɗin kwali. Ina so in samu hannunka a nan kafin zaman." Ya miƙe, ya dafa kafaɗata. Har ya kai ƙofa ya juyo yana murmushi. "Rubutunka ba laifi fa. Sai dai ka daɗe kana neman K. A gaida Atika."

Ya fita.

Laraba, bayan magariba

Ban faɗa wa kowa ba. Ko a cikin kayen nan ban rubuta ba. Na duba shafin ranar 21, harafi biyar na ce, ban ce wane suna ba.

Gaskiya ne na daɗe ina neman K.

Alhamis 5, ƙarfe shida na safe

Na sake karanta kayen daga farko. Ranar 21, fitilu huɗu. Ranar 23, fitilu huɗu, kibiya na tafiya. Ranar 21 na fita sayen tuwo, shi ya sa ban ji ƙarar tarho ba. Ke nan lokacin da na zauna, akwai wani a ciki tun kafin in zo. Ya yi shiru yana kallona ina lalube.

Ba ni na goge 47 ba.

Ya kamata in ji sanyi a raina. Amma tsoron ya fi na jiya. Jiya inji nake tsoro.

Juma'a 6, ƙarfe huɗu na yamma

In na faɗa, sai na faɗi cewa na yi wa Shef ƙarya. Sai na faɗi sunan ɗiyar mutane a gaban maza, a yi ta yawo da shi a kasuwa. Kuma maganata ce da ta mai farar mota. Shi yana da digiri, ni aji biyar.

In na sa hannu, ba jandarma. Albasa ta tsufa.

Ban ce shi ne ba. Cewa na yi ya san K.

Asabar 7, ƙarfe uku na yamma

Takardar tana aljihuna. Ta jiƙe da gumi.

Lahadi 8, ƙarfe biyar na yamma

Mushe Abdoul Aziz ya iso, ya sauka a ɗakin baƙi na furojen. Na kai masa ruwan wanka. Na ajiye bokiti na ƙi fita.

"Ɗanladi, mai raɗa wa lojisiyel suna. Lafiya? Ka rame."

Na miƙa masa kayen. Ya zauna bakin gado ya karanta, bai yi dariya ba ko a ranar 21. Ya tambaye ni agogon da nake dubawa, na ce na bangon biro, ni ke saita shi da rediyo kowace safiya.

Na ce Mushe, Marar Sallama bai rubuta wanda ya shigo ba?

Ya shafa fuska. "Ba ya rubutawa sai an sa shi. Ban sa shi ba. Na ce gwaji ne kawai." Ya rufe kayen. "Mutum huɗu ke da kalmar sirri. Ni ɗaya ne daga ciki. Ka san haka kafin ka ba ni kayen nan?"

Na ce na sani. Na ce ranar da ka zo, da za ka shiga ɗakin mai gadi neman igiya, sai da ka yi sallama.

Ya ce disket ɗin ranar 15 yana jakarsa, jerin gaskiya na ciki. Amma in ya fito da shi kawai, za a ce pilanto ya ɓata, mai gyara ya gyara, a sallame ni, a zaɓi Marar Sallama don saurinsa, a sa shi a biro bakwai. Ya ce shi bai ga kibiya ba, ni na gani.

"Ba zan tilasta maka ba. In ka shigo da shayi gobe, ka ga dama ka yi magana, zan ce a saurare ka. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Litinin 9, ƙarfe bakwai na safe

Na yi amai. Na sa farar rigata.

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Su huɗu a teburi: Shef, Madam, Mushe Abdoul Aziz, Mushe Ado. Kwali biyu a tsakiya. Da na shigo da shayi Mushe Ado ne ke magana. Yana cewa layukanmu ba su ɗaukar mai nawa, ana son wanda za a shiga ko ranar hutu ba tare da an dogara da wani ba. Ya ce matsalar ba ta lojisiyel ba ce, ta masu riƙe makulli ce. Ya dube ni, ya ɗaga gira, wato ina takarda.

Na ajiye faranti. Na ce, Shef, ranka ya daɗe, na yi maka ƙarya. Na taɓa inji.

Madam ta rufe baki da hannu. Mushe Ado ya ce, to, alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

Mushe Abdoul Aziz ya ce, "Bai gama ba. A bar shi."

Na buɗe kaye. Na karanta ranar 21, na karanta ranar 23, da ƙarfe da minti. Muryata kamar ba tawa ba. Na faɗi cewa suna ne na rubuta na goge, na faɗi fitilu biyu da fitilu huɗu. Mai gyara ya ce haka ne, huɗu na nufin akwai wani kan layi. Ya ce ranar Juma'ar nan shi yana kan hanyar garin Tawa, ba tarho kusa da shi.

Mushe Ado ya yi dariya. "Kayen pilanto! Mutumin da ya amsa da bakinsa cewa maƙaryaci ne. Ko jiya yana iya zama ya rubuta duk wannan."

Shef bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Ka ce ka rubuta suna ka goge. Wa ya gani?"

"Ba kowa a ɗakin."

"Ka faɗa wa wani?"

"A'a."

"Wane suna ne?"

Na ce, "Shef, a yi mini afuwa, ɗiyar mutane ce. Amma Mushe Ado ya sani. Ranar Laraba ya ce in gaishe ta. Ya faɗi har harafin da ya ba ni wuya."

Ba wanda ya motsa. Ina jin bantilater, fankar nan ta sama, tana juyawa. Mushe Ado ya buɗe baki ya ce wasa ne, kowa ya san samari da ƴan mata. Madam ta ce a hankali, "Ni ina zaune da shi shekara uku ban sani ba, Mushe. Kai daga Maraɗi ka sani?"

Shef ya ce in fita. Na fita. Shayin ya huce ba wanda ya sha.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Farar mota ta tafi ƙarfe huɗu. Mushe Ado bai gaida kowa ba. Da zai shiga ya dube ni, ba fushi, ba murmushi, kamar mai haddace fuska.

Talata 10, ƙarfe goma na safe

An buga sabon jeri daga disket, an sake kai wa suparfe. Ba a gaya mini abin da aka ce a can ba. Shef ya daɗe. Ni na manna.

47, Saratu ta Gambo. Na karanta mata sau biyu, ta sa na ɗora yatsanta a kai. Tara sun dawo. Biyu ba su dawo ba, har da tsohon nan na Gabi. Na tambayi Madam, ta ce daga sama ne, in yi shiru.

Laraba 11, ƙarfe biyar na yamma

An zaɓi Mai Sallama. Mushe Abdoul Aziz ya rubuta dalili shafi biyu. Ya ce ya sa nawar Mai Sallama a ciki, ya sa yankewar layi, ya ce duk da haka. Ya sauya kalmar sirri. Sabuwar doka: mai son shiga ya fara bugo tarho da bakinsa ya faɗi sunansa da abin da zai yi, kuma wani ya zauna yana kallon allo har ya fita.

Shef ya ba ni takardar gargaɗi saboda ƙarya. Na karɓa, na cancanta. Sannan ya tura mini makulli a kan tebur. Ya ce tunda da rana ni ke nan, a koya mini O da N.

Mai gyara ya nuna mini. Na ce, in babba ne fa?

"In bai yi sallama ba, N."

"Ko daga Maraɗi?"

"Ko daga Yamai. Ko ni."

Ba a ce komai game da Mushe Ado ba. Yana nan a kujerarsa. Direba ya ce a Maraɗi an tambaye shi sunan babana da unguwarmu.

Asabar 14, ƙarfe shida na yamma

Suna dashe a fegi na 47. Na tsaya daga nesa. Atika ta taso, laka har gwiwar hannu.

"Mushe Pilanto. An ce wani suna ka rubuta cikin inji har ya kusa kai ka wurin jandarma."

Na ce wa ya ce?

"Madam da Inna suna saye wurin mai kifi ɗaya." Ta goge hannu a zane. "An ce harafi biyar ne. Ni ban yi lakwal ba. Nawa harafi nawa ne?"

Na duƙa na rubuta mata a kan laka da tsinke. Ta ƙirga da yatsa. Ta koma dashe, amma ta kewaye wurin, ba ta taka ba.

Litinin 16, ƙarfe ɗaya da minti biyar na rana

Ni kaɗai. Ba wanda ya bugo da baki yau.

Tarho ya yi ƙara sau ɗaya. Fitilu huɗu. Na ɗaga zane. A kan allo an rubuta MARADI, ba sunan mutum. A ƙasa, O ko N.

Na san yanzu ba ya ganina sai na buɗe. Duk da haka sai da na waiwaya.

N.

Ƙarfe ɗaya da minti tara

Ya dawo. N.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin

Tarho na ƙara, wannan karon bai yanke ba. Da baki ke nan. Na ajiye kaye kusa da ni, alƙalamin bik a buɗe.

Zan ɗauka. Zan ce, wa ke sallama?